Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Inji?

Duk ɗan Daura ya san labarin Kusugu, yadda macijiya ta tsare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai ran Jumma'a. Abin lura shi ne ruwa bai ƙafe ba, igiyar guga ba ta tsinke ba. Bakin rijiyar kaɗai aka tsare, gari duka ya shiga ƙunci. To, a zamanin nan bakin rijiya ya koma cikin kwamfuta, mai tsare shi kuwa ba sai ya tako Daura ba.

Ga yadda al'amarin yake. Manyan injuna na lantarki da na tace ruwa da na bututun mai, galibinsu ba hannu ke murɗa su yanzu ba. Akwai 'yan na'urori a jikinsu masu auna zafi da ƙarfin wuta da cikar tanki, su aika lissafi ga ma'aikaci a ɗakinsa, shi kuwa daga zaune ya yi umurni a buɗe ko a rufe. Abin da ke kai saƙon nan ya komo rubutu ne, ana ce masa manhaja. Ɗan Adam ya rubuta ta, malamai kuwa sun san halin alƙalami: ko gwani yakan tsallake layi, shi ya sa ba a sakin littafi sai an yi muƙabala. Amma kuskuren manhaja kafa ce a jikin katanga, akwai kuwa masu laluben irin kafar nan dare da rana.

A shekarar 2010 aka gano wata muguwar manhaja mai suna Stuxnet, wadda ta shiga masana'antar nukiliya ta Natanz a ƙasar Iran. Ta bi ta na'urorin kamfanin Siemens, ta riƙa hanzarta injuna tana sassauta su har aka ƙiyasta kusan 1,000 sun lalace. Abin mamaki, duk lokacin nan tana nuna wa masu tsaro lissafin ƙarya, watau kome lafiya. 'Yan kasuwa su suka fi kowa gane wannan. Ɓarawon da ya fasa rumbu da safe za a gani, amma wanda ya taɓa mudu sai ya shekara yana ci, ana gode masa. Ba a haɗa wurin nan da intanet ba, masana sun ce ta ɗan filashi aka shigar da ita.

Ran 23 ga Disamba 2015, cikin tsananin sanyi, aka kutsa kamfanonin raba wuta guda 3 a Yukiren, aka yanke wa masu amfani da wuta wajen 225,000. Mafarin abin wasiƙun yaudara ne da ma'aikata suka buɗe watanni kafin nan. Abin da ya cece su, injiniyoyi ba su manta aikin hannu ba. Suka shiga mota suka tafi tashoshi, suka mai da wuta cikin 'yan sa'o'i. Wani kuma sakaci ne tsagwaronsa: a Nuwamba 2023 aka taɓa famfon wani gari mai suna Aliquippa a Amurka, hukuma ta yi gargaɗi cewa irin na'urar nan da lambar sirri 1111 take fitowa daga masana'anta, da yawa kuwa ba su sāke ta ba.

Wani zai ce, wutar da ba ta zuwa, wa zai wahalad da kansa ya sace ta? Magana ce mai ban dariya, amma ba hujja ba ce. A Oktoba 2024 Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu sabili da lalacewar manyan layukan wuta. Ba aikin kwamfuta ba ne, amma masu ƙanƙara da masu injin niƙa da masu walda sun ga abin da duhu ke ci. Sa'an nan duk mai mitar kati ta KEDCO ya taɓa ɗanɗana halin manhaja. Lissafin mintoci da ke cikin mitocin tun 1993 aka san zai cika ran 24 ga Nuwamba 2024, dole aka ba mutane lambobi na musamman su shigar, in ba haka ba mita ta ƙi sabon kati. An san aibin tun da wuri, aka yi shela, aka gyara. Haka ya kamata a yi da kowane aibi.

Yanzu ne kuwa lokacin magana, gama sababbin ayyuka na shigowa. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita wajen 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgin zamani da na'ura ake ba shi hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya wajaba a nema ba boyayye ba ne. A raba kwamfutar inji da ta ofis, kada wadda ake karanta wasiƙu a kanta ta zama ita ke buɗe famfo. A sāke lambobin sirri ran da aka kafa na'ura, a kuma sāke ran da ma'aikaci ya bar aiki, domin a 2000 wani da aka hana aiki a Ostareliya ya yi amfani da sanin da ya yi wa na'urori ya malalo ƙazantar gari cikin rafuka. In masu manhaja sun aiko da gyara, a gwada shi a sa, kada a ajiye sai baɗi. A bar hanyar murɗawa da hannu, a riƙa gwada ta.

Mafi nauyi duka shi ne maganar ɗan kwangila. Sau da yawa yakan bar wa kansa hanyar shiga daga nesa don gyara, ya tafi ƙasarsu da mabuɗi. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015, amma doka sai an yi ɓarna take kamu. Ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Daura a Disamba 2019. Ya dace wakilan ƙasar nan da shugabannin 'yan kasuwa su nemi a rubuta cikin kowace yarjejeniya cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an miƙa mabuɗan duka, an kuma koya wa ɗalibanta karanta abin da ke cikin na'urorin.