Lafiyar Iyali: Idan Maigida Ya Ɓoye Ciwon Gabansa



Maza da yawa sukan yi gum idan marainansu suka kumbura, kunya ta sa su lallaɓa kemis ko wurin masu tallar magani a tasha. Ke za ki fara lura: tafiya a tale, zazzaɓi, cije baki wajen fitsari, ko tabon mugunya a gajeren wando.

Abin kan samo asali daga ciwon sanyi, cutar mafitsara, hangum bayan balaga, ko ƙaba. Likita ne zai bambance, bayan ya duba ya kuma auna fitsari.

Idan kuwa ciwon ya taso farat ɗaya mai tsanani, har da amai, mai yiwuwa jijiyar maraina ce ta murɗe, jini ya daina kaiwa. An fi samun haka ga samari, don haka ki sa ido kan ɗanki ma. Cikin awa 6 ake so a yi tiyata, in an makara ana iya rasa ɗan marainan. Ko tsakar dare ne a nufi asibiti.

Ki yi wa maigida magana a keɓe, ban da zargi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ciwon sanyi ne, ke da abokiyar zamanki duk sai an yi muku magani, kuma a dakata da kwanciya har kowa ya kammala nasa. Ciwon da aka ƙyale yakan toshe hanyar haihuwa, gobe a ɗora miki laifi.

Allah Ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.