Karakara: Sabbin magungunan rashin natsuwar yara, da nisan da ke tsakaninsu da aji

Duk watan Oktoba, idan 'yan makaranta suka koma aji a Karakara, cikin gundumar Dioundiou ta jihar Dosso, malamai kan sake gamuwa da irin yaron da ba ya iya zama kan benci, yana katse magana, yana mance allo da alli. A gida a ce ƙiriniya ce, wasu su ce iska. Sau da yawa ƙarshenta bulala ce, ko a cire shi a tura gona.

Likitoci na da suna ga wani ɓangare na wannan hali: TDAH a Faransanci, ADHD a Ingilishi, wato matsalar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Kiyasin da aka fi yarda da shi ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. Ke nan ajin da ke da yara 60 zai iya ɗauke da biyu ko uku.

Maganin da aka fi sani shi ne methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin. Yana zaburar da ƙwaƙwalwa, kuma yana aiki tun ranar farko, amma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa shi cikin ƙwayoyin da ake tsananta sa ido a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙi shigar da shi jerin muhimman magunguna a 2019 da 2021. A yankin da ke fama da safarar tramadol tsakanin Malanville, Gaya da Kamba, ba abin mamaki ba ne hukuma ta yi ɗari-ɗari da duk ƙwayar da za a iya karkatar da ita.

Shi ya sa hankali ke komawa kan magungunan da ba sa zaburarwa. Amurka ta amince da atomoxetine a 2002, da guanfacine mai jinkirin narkewa a 2009, da clonidine irin wannan a 2010, sai viloxazine a 2021. Ba sa sa maye, don haka ba su da kasuwa wajen 'yan ƙwaya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Atomoxetine na ɗaukar makonni kafin a ga sauyi, kuma galibi tasirinsa bai kai na Ritalin ba. Yana iya rage cin abinci, ya kawo tashin zuciya, ya ƙara bugun zuciya. A 2005 hukumar magungunan Amurka ta tilasta rubuta gargaɗi cewa wasu yara ƙalilan kan yi tunanin kashe kansu idan suna shan sa. Guanfacine da clonidine kuwa asalinsu maganin hawan jini ne: suna sa barci, suna saukar da jini, kuma dakatar da su farat ɗaya na iya sa jini ya hau.

A nan ne matsalar Karakara take. Magani ne da ake sha kullum, ana auna nauyin yaro da jininsa a kai a kai. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, akasarinsu a Yamai, inda sashen Pavillon E na babban asibitin ƙasa yake. Rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kuma dagula hanyar kayan da ke fitowa daga tashar Kwatano. Maganin da zai yanke a tsakiyar wata na iya zama haɗari a kan kansa.

Akwai kuma tambayar da ta riga magani: shin cutar ce? Yaron da ya zo aji bai karya kumallo ba, ko mai ƙarancin jini, ko wanda kunnensa ba ya ji sosai, ko mai irin farfaɗiyar da ke ɗauke hankali na 'yan daƙiƙu, duk kan yi kama da mai TDAH. Haka ma wanda bai gane Faransancin da ake koyar da shi ba. Likita kan nemi alamun su wuce wata shida, su bayyana kafin shekara 12, kuma a gan su a gida da makaranta duka.

Jagoran mhGAP na OMS, wanda aka tsara don asibitocin da ba su da ƙwararru, ya sa horar da iyaye da haɗa kai da malamai a gaba da magani. Wannan ba ya jiran buɗe iyaka: a zaunar da yaro a bencin gaba, a ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, a yaba masa nan take, a bar shi ya motsa, ko da share allo ne.

Babban haɗarin shi ne iyayen da suka gaji su nufi mai tallar magani a kasuwa, ya ba su ƙwayar barci irin diazepam. Yaron zai yi shiru, amma ba karatu yake ba. Matakin farko shi ne asibitin CSI mafi kusa, a auna jini, a duba kunne, sannan a nemi takardar turawa Dosso ko Yamai.