Tunda Littafi aka kira, to mu buɗe shi

 Yau magana ce tsakanin Kirista da Kirista, sauran ƴan'uwa ku yi mana haƙuri.

Mu ƴan Katolika abu guda ya ishe mu: a tare yaronmu a lakkol ko wurin shan shayi, a jefe shi da aya ɗaya, a ce wai cocinsu ba ta bin Littafi Mai Tsarki. Yaro ya dawo gida jiki a sanyaye, wani ma ya daina zuwa coci.

Wai Matiyu 23:9 ta hana kiran kowa uba, don haka mu da muke ce wa firist uba mun yi zunubi. Madalla. Aya ta 8 fa, wadda ta hana a kira mutum malam? Wa ya daina? Fastocin da ke kawo wanga zance, mabiyansu Baba suke ce musu. Bulus ma ya kira kansa uban Korantiyawa cikin bishara, a duba 1 Korantiyawa 4:15. Masu son girma da kujerar gaba Yesu yake tsawata wa.

Sai zancen gumaka, wanda aka fi yi mana gori da shi. Gaskiya ne Fitowa 20 ta hana sassaƙa siffa a yi mata sujada. Amma a juya shafi kaɗan: a sura ta 25 Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya bisa akwatin alkawari. A Littafin Ƙidaya 21 ya sa shi ya yi macijin tagulla, wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. To Allah ya manta da dokarsa ne? Amsar tana 2 Sarakuna 18:4. Macijin nan ya daɗe ba wanda ya taɓa shi, sai da mutane suka riƙa ƙona masa turare Sarki Hezekiya ya farfasa shi. Ashe bautar ce haram. Siffar Maryamu a cocinmu tunatarwa ce, duk wanda ya ɗauke ta abin bauta ya saɓa wa koyarwar Katolika tun kafin fasto ya buɗe baki.

Matsakanci ɗaya ne, Yesu, in ji 1 Timoti 2:5. Mun yarda. Surar nan dai da roƙo ta fara, a yi wa kowa addu'a. In za ka ce wa maƙwabci ya sa ka a addu'a, mene ne laifin roƙon wanda ya riga ya isa gaban Allah?

Akwai kuma masu cewa mun ƙara littattafai bakwai, namu 73, nasu 66. Wa ya ƙara, wa ya rage? Taron bishop-bishop na Hippo a shekarar 393, garin da yau ake kira Annaba a maƙwabciyarmu Aljeriya, da na Kartaj a 397, sun lissafa Tobit da Judit da Makabi cikin Littafi, fiye da shekara dubu kafin a haifi Luther. Shi kansa Luther bai jefar da su ba, a bugunsa na 1534 tsakanin Tsohon Alkawari da Sabo ya ajiye su. Ƙungiyar buga Littafi ta Ingila ce ta daina buga su a 1826, kuma ita ta fitar da cikakken Littafi na Hausa a 1932. Mun gode mata, aiki ne babba, mu ma mun ci moriyarsa. Amma dalilin da ya sa na hannunku ya tsaya a 66 ke nan.