Ku Bar Yaran Nan Su Koyi Madugantaka

Da zarar matashi a Ladjifarani, ko Zangon Faraku, ko Jugu ya ce zai yi digiri na biyu a fannin shugabancin ƙungiyoyi ta intanet, sai a yi masa fatan alheri. Da ya ƙara da cewa jami'ar ta 'yan Katolika ce, sai fuskoki su sauya. Wani ya ce za a shafa masa ruwan coci, wani ya ce uban yaron ya yi sake. Masu irin wannan magana suna bugo mana waya a gidan rediyo, kuma nan nake so in ba su amsa a tsanake, tunda mintin shiri ba ya isa.

Jama'a, ku dubi ƙungiyoyinmu tukuna. Kwamitin masallaci, ƙungiyar 'yan zemijan, ta dillalan shanu, makarantar Larabci da Faransanci, adashin mata: nawa ne suka rayu bayan wanda ya kafa su ya rasu? Kuɗin ƙungiya yana aljihun shugaba, lissafi yana kansa, zaɓe sai ranar da aka yi faɗa. Idan ya kwanta dama, 'ya'yansa su ce gado ne, mambobi su ce amana ce, a ƙare a ofishin 'yan sanda. Karatun da ake zagi maganin wannan cutar yake koyarwa: yadda ake raba aiki, yadda ake rubuta kasafi a bincika shi, yadda ake sasanta rikici, da yadda shugaba zai shirya magajinsa tun yana da ƙarfi.

Kakanninmu sun san wannan. Faraku da Jugu zango ne a hanyar fatake daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja. Ayarin goro yana da madugu, da jagaba mai shiga gaba, da malamin da ke riƙe lissafi. Madugu ne ke zama da sarakunan Bargu, waɗanda ba duka Musulmi ba ne, ya daidaita kuɗin wucewa, ya koyi yarensu da ɗabi'unsu don ayarinsa ya tsira. Babu wanda ya ce ya bar addininsa. Kafin su ma, bayan yaƙin Badar, fursunonin Makka da suka iya rubutu sun fanshi kansu ta koya wa yaran Madina. Malaman mushirikai ne, ɗaliban 'ya'yan sahabbai. To wa ya fi waɗannan kishin addini a Ladjifarani?

Ga abin da ya fi ba ni haushi. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, bai taɓa zama aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, abin da ya shafi har ɗaliban da suka yi karatun gaskiya. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, amma ban ji masu tsoron giciye sun yi masa wa'azi ko sau ɗaya ba. Yaro ya sayi takardar ƙarya a yi masa walima, wani ya kwana yana karatu a kwamfuta a kira shi ɗan mishan. Ina adalci a nan?

Ba na rufe ido a kan gaskiyar da ke bakinsu. Jami'ar Katolika tana da aƙidarta kuma ba ta ɓoye ta. Jami'ar Gonzaga da ke Spokane a Amurka, wadda limaman Jesuit suka kafa a 1887, tana ba da wannan digirin ta intanet, kuma tana jaddada ra'ayin cewa shugaba bawan jama'arsa ne, ra'ayin da Robert Greenleaf ya yaɗa tun 1970. Musulmi zai ji wannan ya ga baƙon abu? Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin wajibcin sarakuna tun ƙarni na 15. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam, Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa. Duk wanda zai shiga irin wannan aji, ya shiga da waɗannan a hannunsa, ya auna abin da aka ba shi, ya karɓi na karɓa, ya yi gardama a kan sauran. Ɗan shekara talatin da ya sauke Alƙur'ani, in har darasin Zoom zai kwance masa imani, a tuhumi wanda ya ɗaura masa shi.

Tambayoyin da suka kamata uba ya yi wa ɗansa daban ne. Hukuma ta san makarantar? CAMES da ke Wagadugu ta amince da digirin, ko ma'aikatar ilimi mai zurfi za ta ba shi daidaito? Nawa ne kuɗin idan an juya dala zuwa sefa, kuma wa zai biya? An duba abin da ke kusa, Jami'ar Faraku da aka buɗe a 2001, ko reshen UCAO, jami'ar bishop-bishop na Afirka ta Yamma, da ke Kwatano? Wuta da intanet za su ɗauki karatun shekara biyu? Sannan babbar tambayar: idan ya gama, wace ƙungiya a unguwar nan zai zauna ya gyara wa littafin kuɗi?

Wanda ke ganin bai dace 'ya'yanmu su koyi wannan a hannun 'yan Katolika ba, ƙofa a buɗe take. Ya tara attajiran Faraku da Jugu, su gina tamu, su ɗauko malamai, su nemi amincewar CAMES. Ni zan yi masa sanarwa kyauta. Kafin ranar ta zo, a bar yara su nemo ilimi inda yake, don ayarin da ba madugu rabon 'yan fashi ne.