Kaka a Ƙasar Gumel da Aikin Manazarta

Mutanen Ailan sun mayar da Samhain, bikin ƙarshen girbi na kakanninsu Keltawa, abin jan baƙi. Ƙasar Gumel ma tana da nata. Da shamuwa ta yi ƙaura, gero ya shiga rumbu, sai dambe da kokawa su kankama a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, riɗi da zoɓo su cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Amma hankalin manazarta ya fi karkata ga hawan salla na fada. Kamata ya yi sassan Hausa su tura ɗalibai karkara daga Oktoba, su naɗi taken 'yan dambe daga bakin makaɗa, tun kafin masu harkar yawon buɗe ido su kwashe wasan zuwa birni, su yanka masa tikiti.