Tambaya Ba Cin Amanar Ƙasa Ba Ce

'Yan'uwa, ranar 1 ga Nuwamba 2024 an gurfanar da yara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da jama'a suka yi ca, sannan Shugaba Tinubu ya ce a sake su.

Da yawa cikinmu muna ganin shiru ne mafita, tun da mu 'yan tsiraru ne. Mu sake tunani.

A Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, aƙalla mutum 85 suka rasu. Wanda ya tambayi yadda ake wannan yaƙi da 'yan bindiga ba maƙiyin soja ba ne. Wanda ya nemi dalilin jinkirin sa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a intanet bai ta da fitina ba. Marigayi 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen 2007 yana da aibi. Tun 2019 kuma ƙa'idar hukumar sadarwa ta ba jami'an tsaro damar sauraron wayoyinmu. Su wa ke sa musu ido?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu rubuta wa wakilanmu, mu tsaya a rumfar zaɓe har a ƙirga ƙuri'u. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji. Amin.