Wutsiyar Sunan Fayil: Hakkin Wane Ne?

Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma a kwamfuta ma haka abin yake. 'Yan haruffan da ke bin bayan ɗigo a sunan fayil, kamar .txt, su ke shaida wa Windows manhajar da za ta buɗe shi. Amma sau da yawa mai adana aiki suna kaɗai yake rubutawa, ya bar wutsiyar.

Cika ta hakkin mai tsara manhaja ne, domin wani akwatin adanawa, kamar JFileChooser na Java, ba ya sa ta da kansa. Sai dai akwai tarko. In mutum ya rubuta "rahoto", manhaja ta duba ba ta ga mai wannan suna ba, sa'an nan ta liƙa .txt, to za ta danne tsohon "rahoto.txt" ba sallama, wahalar watanni ta salwanta.

Saboda haka wajibi ne a fara cika sunan, kana a bincika, a kuma nemi izinin mai aiki kafin a danne kome. In ya sa wutsiyar da hannunsa, kada a ninka masa ita.